SAN za mu saya ko NAS, kuma gaskiya ne RAID ya wadatar ba sai da kwafin ko-ta-kwana ba?

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan'uwa da ke kula da sashen kwamfuta a wani kamfanin dillancin kaya a Kano, mai rassa a Kaduna da Katsina da Maiduguri. Ya ce sabobi uku gare su, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanai da manhajojin kamfani, bayanansu sun kai terabait 8, layin intanet ɗinsu kuma megabit 50 ne. Wani ɗan kwangila ya kawo musu lissafin na'urar ajiyar bayanai ta SAN mai Fibre Channel, wato layi na musamman da ke haɗa ta da sabobi, ya ce musu da RAID 6, wato tsarin haɗa faya-fayai da yawa su yi aiki tare, da sinafshot, wato hoton bayanai da na'urar ke ɗauka kowace awa, ba sa buƙatar wani kwafi daban. Shugabannin kamfanin sun ce sau ɗaya za su fitar da kuɗi. Yana so ya san wanne za su saya, SAN ɗin ko NAS, wato akwatin ajiya da ke raba fayiloli ta layin ofis, kuma ko maganar ɗan kwangilar tana kan hanya.

Malam, zan fara da rabin tambayar na biyu, domin shi ne mai iya durƙusar da kamfani. Abin da ɗan kwangilar nan ya faɗa muku ba daidai ba ne, kuma ina roƙonka kada ka bari a sa hannu a takarda bisa wannan fahimtar. Aiki guda aka yi RAID dominsa: idan faifai ya mutu, kada aiki ya tsaya. RAID 5 yana jure mutuwar faifai ɗaya, RAID 6 yana jure biyu, RAID 10 kuwa kowane faifai yana da ɗan'uwansa da ke riƙe da irin abin da ke cikinsa. Iyakarsa ke nan. Duk abin da aka rubuta, mai kyau ko marar kyau, nan take yake bazuwa a kan faya-fayan gaba ɗaya. Idan akawu ya goge lissafin shekara bisa kuskure, ya gogu a ko'ina kafin ya ɗaga yatsansa. Idan manhajar garkuwa da bayanai ta shigo ta kulle fayiloli, kullallun ne RAID zai ci gaba da adanawa. Idan ƙwaƙwalwar na'urar ta rikice ta fara rubuta shirme, ko gobara ta tashi a ɗakin, ko ɓarawo ya saɓa akwatin a kafaɗa, RAID ba shi da abin yi.

Ko a aikin nasa ma akwai wurin da ya kamata ka yi hattara. Faya-fayan yanzu manya ne ƙwarai. Faifai mai terabait 16 da ke rubuta megabait 200 a daƙiƙa yana buƙatar kusan awa 22 kafin a cika shi, idan babu wani aikin da yake yi. A kamfanin da ake ciniki da rana, sake gina faifan da ya mutu yakan ɗauki kwanaki, kuma a cikin kwanakin nan sauran faya-fayan suna shan wahalar da ba su taɓa sha ba, tunda dole a karanta kowane lungu nasu. Galibi kuma rana ɗaya aka sayo su, daga masana'anta ɗaya, sun yi aiki na tsawon lokaci ɗaya a zafi ɗaya. Shi ya sa ba na yarda da RAID 5 a kan manyan faya-fayai. A wannan gaɓar ɗan kwangilar ya yi daidai da ya zaɓi RAID 6. Ka ƙara da faifai ɗaya na jiran gado a cikin na'urar, da wani a cikin kabad, domin jiran a kawo shi daga Legas ko Dubai bayan ya mutu kasada ce.

Sinafshot kuwa, wato hoton yadda bayanai suke a wani lokaci, abu ne mai amfani sosai, ni ma ina sa shi a duk inda na yi aiki. Da shi za ka dawo wa ma'aikaci da fayil ɗin da ya goge da safe cikin minti biyu. Matsalarsa ita ce a cikin akwati ɗaya yake zaune da bayanan asali, a kan faya-fayai ɗaya, ƙarƙashin kalmar sirri ɗaya. Yawancin na'urori ma ba sa kwafe komai lokacin ɗaukarsa, alama kawai suke yi cewa kada a taɓa tsofaffin gutsattsarin. Akwatin ya tafi, shi ma ya tafi. Masu garkuwa da bayanai kuma sun san da shi. Abin da suke fara nema idan sun shigo shi ne asusun mai kula da na'urar, su goge sinafshot da duk kwafin da hannunsu ya kai, sannan su kulle sauran su nemi kuɗin fansa.

Kafin ka koma kan wace na'ura za a saya, akwai tambayoyi biyu da ba kai ne za ka amsa su ba. Na shugaban kamfani ne da babban akawu, kuma ina so ka zauna da su ka sa su amsa a rubuce. Ta farko: idan komai ya lalace yanzu, aikin awa nawa na baya za mu iya jure asararsa? Wannan muke kira RPO. Ta biyu: awa nawa za mu iya zama ba mu aiki kafin asara ta fi ƙarfinmu? Wannan shi ne RTO. Na san abin da za su fara cewa: ko minti ɗaya ba mu yarda ba. Kowa haka yake cewa kafin ya ga farashi. Sai ka bi da su sashe-sashe. Rumbun bayanan ciniki, inda ake rubuta wa ya ɗauki kaya, wa ake bi bashi, wa ya biya, wannan asarar minti 15 ma ciwo ce, domin dillalin da ya biya miliyoyi da rana kuma rasit ɗinsa ya ɓace, rigima ce da za ta iya raba ku da shi har abada. Fayilolin ofis, wasiƙu da takardun kwangila, kwana ɗaya ba zai kashe kowa ba. Hotunan kyamarar tsaro da tsofaffin takardun shekaru biyar, idan an yi mako kafin su dawo babu laifi. Idan ka yi wannan rabon za ka ga cewa a cikin terabait 8 ɗin nan, abin da ran kamfani ya rataya a kansa ƙila bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Wannan ɗan kason shi ya cancanci tsada, sauran a bi da su ta hanya mai sauƙi.

Tsarin da masu wannan sana'a suka daɗe a kansa shi ne 3-2-1: kwafi uku na bayanai har da na asali, a kan nau'in ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Zamanin garkuwa da bayanai ya ƙara sharaɗi guda, cewa ɗaya daga cikin kwafin ya kasance hannun mai kutse ba zai kai gare shi ba, ko dai don a cire yake daga layi, ko don an kulle shi yadda ba ya goguwa sai wa'adinsa ya cika.

A wurinku ga yadda zan shimfiɗa shi. Kwafi na farko yana nan hedikwata, a kan saba ko NAS ta daban wadda ba ta da wani aiki sai wannan. Daga ita za ka riƙa dawo da abubuwa da sauri, tunda a kan layin cikin gida take. Manhajoji irin su Veeam ko Commvault, ko Proxmox Backup Server idan Proxmox kuke amfani da shi, duk suna yin aikin. Abin da na fi damuwa da shi shi ne yadda za ka killace wannan na'urar. Kada ka haɗa ta da Active Directory na kamfani, wato tsarin da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izinin shigarsu. Kalmar sirrinta ta zama tata ita kaɗai, da mataki na biyu na tantancewa, kuma kada wani ma'aikaci ya iya ganinta a matsayin babban fayil a kwamfutarsa. Idan manhajar tana da tsarin ma'ajiya mai kulle a kan Linux, kunna shi, ka sa wa'adin ya kai aƙalla wata guda, saboda masu kutse sukan yi kwanaki ko makonni a ɓoye a cikin gida kafin su bayyana kansu, kuma kwafin mako ɗaya kacal zai iya kasancewa duk a gurɓace yake. Sannan kada ka buɗe NAS ga intanet kai tsaye don sauƙin shiga daga gida. A watan Janairu 2022 manhajar DeadBolt ta kulle dubban na'urorin NAS na kamfanin QNAP a duniya, kuma waɗanda aka bari a buɗe ga intanet ta bi.

Akwai dalilin da ya sa nake nanata maganar Active Directory. A watan Yuni 2017 manhajar NotPetya ta afka wa kamfanin jiragen ruwa na Maersk. Suna da sabobi da yawa a faɗin duniya da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izinin shigarsu, kowace tana kwafar 'yar'uwarta, don haka aka ɗauka ba za su taɓa mutuwa tare ba. Suka mutu tare, tunda duk a kan layi ɗaya suke. Wadda ta tsira ita ce ta wani ofishinsu a Afirka ta Yamma, saboda an ɗauke wuta a can lokacin harin, sai ta kasance a kashe. Daga ita aka sake gina komai. Shugaban kamfanin ya faɗa daga baya cewa sai da suka sake ɗora sabobi 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Abin da ya cece su bisa katari, kai da gangan za ka tanade shi: kwafin da ba ya kan layi. Don haka ka sa sabar Active Directory a sahun farko na abin da ake kwafewa, domin idan babu ita ba mai iya shiga ko da sauran sabobin sun dawo.

Kwafin da ake cirewa daga layi, hanya mafi inganci har yau ita ce kaset na LTO. Matasa da yawa suna ganin tsohon yayi ne, amma manyan bankuna da cibiyoyin bincike ba su bar shi ba. Kaset ɗaya na LTO-8 yana ɗaukar terabait 12, na LTO-9 kuma 18, tun kafin a matse bayanan. Wato duk abin da kuka mallaka zai shiga kaset ɗaya da za ka sa a aljihun babbar riga. Na'urar karanta shi ce mai tsada, kaset ɗin kansa da sauƙi, kuma ba ya son ƙura da zafi, sai a ajiye shi a cikin gidansa a wuri mai sanyi. Idan kuɗin bai kai ba, faya-fayan waje guda uku ko huɗu da ake juyawa kowane mako, ana cire su ana kai su wani gini, sun fi babu nesa ba kusa ba. Sharaɗin dai a cire ɗin da gaske. Na sha shiga ofis na tarar da faifan da aka ce na ko-ta-kwana ne a maƙale a bayan saba shekara da shekaru.

Sai maganar wani wuri daban, kuma a nan zan ɗan daɗe. Manomin da ya gina rumbu biyu a cikin gida ɗaya, idan gobara ta tashi rumbu ɗaya gare shi. Ɗakin da ke kusa da ɗakin sabobi ba wani wuri ba ne, haka bene na sama. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ginin SBG2 na kamfanin hayar sabobi na OVHcloud a Strasbourg ta ƙasar Faransa, ta kuma taɓa na kusa da shi. Wasu abokan cinikin da ke biyan kuɗin kwafin ko-ta-kwana sai a ranar suka gane cewa kwafin nasu ma a harabar yake. Mu ma a gida mun ga abin da ruwa ya yi wa Maiduguri a watan Satumba 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, inda unguwanni da kasuwanni da ofisoshi suka nutse a dare ɗaya. Bala'i irin wannan gari yake ci, ba gini ba. Don haka kwafinku na nesa ya bar Kano gaba ɗaya. Reshenku na Kaduna ya dace: nisan ya wuce kilomita 200, amma mota za ta je ta dawo a yini ɗaya. A sa na'urar a bene ko a kan maɗauki mai tsayi, ba a ƙasa ba.

Za ka ce me ya sa ba gajimare ba, wato hayar ma'ajiya ta intanet a wurin AWS ko Azure ko makamantansu? Ina son gajimare a matsayin kwafi na uku na abubuwa mafi muhimmanci, amma ka yi lissafi da alƙalami tukuna. Terabait 8 a kan layin megabit 50, ko da layin bai yanke ba ko sau ɗaya kuma ba mai amfani da shi sai kai, kusan kwana 15 ne. Turawa ta farko za a iya haƙuri da ita, tunda bayan nan abin da ya canza kawai ake turawa. A ce gigabait 160 ke canzawa kullum, wajen awa 7 ke nan, dare zai ɗauke shi. Amma ranar da kamfani ya tsaya cik kana son komai ya dawo, kwana 15 ɗin nan suna jiranka, kuma ba shugaban da zai zauna mako biyu ba ciniki. Wannan terabait 8 ɗin a kan layin cikin gida mai gigabit 1 kusan awa 18 ne, a kan gigabit 10 kuma faya-fayan ne za su zama masu jan ƙafa. Mota ɗauke da NAS daga Kaduna ta fi layinku sauri sau da yawa. Ka ƙara da cewa da dala manyan kamfanonin gajimare suke sa farashinsu, kuma suna cajin kuɗi a kan fitar da bayanai daga wurinsu, ga naira yadda take. Sannan hanyar kanta tana iya yankewa: a ranar 14 ga Maris 2024 kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Kodibuwa, intanet ya yi rauni a Najeriya da Gana da maƙwabta, gyaran kuma ya ɗauki makonni.

Gajimaren ma ba ya hana kuskure. A watan Mayu 2024 wani kuskuren saiti a Google Cloud ya goge ma'ajiyar asusun fansho na UniSuper a Ostireliya, a yankuna biyun da suka raba bayanansu a lokaci guda. Abin da ya taimaka musu wajen dawowa shi ne suna da kwafi a wurin wani kamfani daban. Wannan ya shafe ku idan wasiƙunku da fayilolinku suna Microsoft 365 ko Google Workspace. Kwandon shara na OneDrive da SharePoint kwana 93 yake riƙe abin da aka goge, bayan nan sai dai haƙuri. Su ma a sa su cikin abin da ake kwafewa. Kuma tunda kuna riƙe da sunaye da lambobin waya da bayanan asusun abokan ciniki, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kanku. Ta gindaya sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasar waje, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 idan an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Duk kwafin da zai bar ginin, ko a kaset ko a faifai ko ta intanet, a kulle shi da mabuɗin sirri kafin ya fita.

Wataƙila ɗan kwangilar ya kawo maganar sayen na'ura ta biyu a Abuja ko Legas da za ta riƙa rubuta komai a lokaci ɗaya da ta Kano. Kada ka yi saurin amsawa. Haske a cikin faiba yana cin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa a kowane kilomita 100, zuwa da dawowa. Zuwa Legas, wajen kilomita 1,000, kashi goma ke nan cikin dubu a mafi ƙaranci, kuma kowane rubutu sai ya jira amsa daga can kafin a ce ya kammala, alhali faifan SSD ba ya ɗaukar ko kashi ɗaya. Mai karɓar kuɗi a teburin ciniki zai ji nauyin a kowane rasit. Shi ya sa irin wannan haɗin ake yin sa tsakanin gine-gine na kusa, a kan faiba biyu da ba su bi hanya ɗaya ba. Kuma shi ma kamar RAID yake, gogewa da kullewa duk yana kwafe su zuwa can. Abin da ya dace da ku shi ne tura kundin canje-canjen rumbun bayanan ciniki zuwa Kaduna kowane minti 15. SQL Server da PostgreSQL duk suna da wannan a cikinsu, kuma bayanan da ake turawa kaɗan ne, layinku zai ɗauka.

Tunda na ambaci rumbun bayanai: kada a kwafe fayilolinsa haka kawai yana cikin aiki. Abin da za ka samu rabi tsoho ne rabi sabo, ƙila ya ƙi buɗewa. Dole manhajar kwafin ta yi magana da shi ya daidaita kansa tukuna, a Windows ta hanyar VSS, ko kuma a yi amfani da kayan kwafin da ya zo da su.

Yanzu ga SAN da NAS. NAS fayiloli take bayarwa ta hanyoyin raba fayiloli na SMB ko NFS, kowa ya buɗe ya ɗauka. SAN kuwa ɗanyen faifai take miƙa wa saba, sabar ta tsara shi yadda take so, ko ta Fibre Channel ko ta iSCSI a kan Ethernet na yau da kullum. Fibre Channel abu ne mai kyau, mai natsuwa, yana gudu a gigabit 16 ko 32 ko 64, amma yana zuwa da nasa siwic, wato na'urar da ke haɗa layukan, da nasa kati a kowace saba, da lasisi, da ilimin da ba kowane injiniya ke da shi ba. Ka tambayi kanka, ranar da siwic ɗin ya mutu ƙarfe biyun dare, wa za ka kira a Kano, kuma kwana nawa kafin wani ya iso? Ga sabobi uku da terabait 8, ban ga abin da zai ba ku wanda iSCSI ko NFS a kan gigabit 10 ko 25 ba za su ba ku ba. Na'urori da yawa na matsakaicin farashi suna yin aikin NAS da SAN a akwati ɗaya. Ku nemi mai ƙwaƙwalwa biyu da gidan wuta biyu, siwic biyu da aka keɓe wa zirga-zirgar ajiya kaɗai, kowace saba da hanya biyu zuwa ma'ajiya, a kunna MPIO yadda idan kebul ɗaya ya fita aiki zai ci gaba. SSD ga rumbun bayanai da VM, wato sabobin da ake gudanarwa a cikin wata saba, manyan faya-fayai masu juyawa ga sauran. Idan za ku sa MTU 9000, wato saitin ƙara girman ƙunshin bayanan da ke bi ta layi, ku sa shi a kowace na'ura da ke kan hanyar, domin rabin saiti yana kawo matsalar da ke da wuyar ganowa. Rarar kuɗin da za ta fito daga barin Fibre Channel ita za ta sayi na'urar kwafi, da ta Kaduna, da kaset.

Kuma ka ware wani kaso don ɗakin kansa. A ƙasarmu wuta da zafi da ƙura sun fi masu kutse kashe faya-fayai. UPS ɗin ya zama irin wanda ke tace wutar koyaushe, ba mai jiran a ɗauke ba, kuma a haɗa shi da sabobin yadda zai umarce su su kashe kansu cikin tsari idan batir ya kusa ƙarewa, domin yankewar wuta ana tsakiyar rubutu tana lalata rumbun bayanai. Zafin ɗakin da ake so tsakanin digiri 18 ne da 27. A watan Afrilu a Kano, idan na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya ran Juma'a da yamma ba wanda ya sani sai Litinin, ƙila ka tarar da ɓarna. A sa biyu suna karɓa-karɓa, da ma'aunin zafi mai turo saƙo a waya. Lokacin hunturu a rufe kafofin ɗakin, a riƙa share matatar iska. Mun kuma ga yadda yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda babu wutar gwamnati a watan Oktoba 2024, don haka lissafin man janareta da hasken rana yana cikin shirin ko-ta-kwana, a Kano da Kaduna duka.

Duk abin da na faɗa zai tashi a banza idan ba a gwada dawowa. Saƙon da manhaja ke turowa cewa kwafi ya kammala ba shaida ba ce. A ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin manhaja na GitLab ya goge kusan gigabait 300 na babban rumbun bayanansu bisa kuskure. Suna da hanyoyin kwafi har biyar a rubuce, amma da aka je nema babu wadda ta yi aiki yadda aka zata. Ɗaya ta daɗe tana faɗuwa saboda saɓanin sigar manhaja, saƙon gargaɗin kuma ba ya isa ga kowa. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan shi ya cece su, aikin awa shidan kuma ya tafi. Sun kyauta da suka bayyana wa duniya abin da ya faru dalla-dalla, kuma ƙwararru ne na gaske, wanda ke nuna maka cewa ƙwarewa ba ta maye gurbin gwaji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane wata ka dawo da wasu fayiloli da ka zaɓa ba tare da shiri ba. Kowane wata uku ka tayar da saba guda cikakkiya a keɓaɓɓen layi, ka kira akawu ya shiga ya duba ko lissafin jiya yana nan. Sau ɗaya a shekara ku ɗauka cewa ginin Kano babu shi, ku tashi aiki daga Kaduna, da agogo a hannu. Awannin da agogon ya nuna su ne RTO ɗinku na gaskiya, su za ka kai wa shugabanni su gwada da abin da suka sa wa hannu.

A wannan gwajin ne za ka gano ƙananan abubuwan da ke tsayar da babban aiki. Mabuɗin sirrin da aka kulle kwafin da shi yana ina? Idan a cikin sabar da ta ƙone yake, kwafin ya zama dutse. A buga shi a takarda, a rufe a ambulan biyu, ɗaya wurin shugaban kamfani, ɗaya a akwatin ƙarfe a wani gari. Haka lasisin manhajoji, da saitin siwic da na bangon tsaro, da lambobin wayar masu ba ku intanet, da jerin wace saba ake fara tayarwa kafin wace. Duk a rubuta su a takarda yadda wani injiniya da bai taɓa shiga ofishinku ba zai iya bi, domin ranar da abin zai faru ƙila kana Saudiyya ko kana kwance asibiti, kuma bai kamata kamfani ya rataya a kan abin da ke cikin kan mutum ɗaya ba.

Idan za ka koma wurin ɗan kwangilar, ka ce ya sake lissafi a kan iSCSI, ya sa na'urar kwafi ta daban da ta Kaduna da kaset a ciki, ya rubuta shekara nawa ne garanti da kuma kwana nawa kayan gyara ke ɗauka kafin su iso Kano. A cikin yarjejeniyar kuma a rubuta cewa kason ƙarshe na kuɗinsa ba zai fita ba sai ya dawo da rumbun bayanan ciniki a gabanka daga kwafin da ke Kaduna, a kan sabar da ba komai a cikinta, babban akawu ya buɗe ya tabbatar da lissafin, cikin awannin da shugabanni suka amince da su.